Juye: Ƙaramin Kuɗin da Ke Hana Babbar Asara

 Muna fatan karatu na tafiya daidai, kuma 'yan aji shida da ke shirin WAEC da NECO suna ta bitar littattafai. A wannan makon za mu fita daga aji mu leƙa gareji. Dalili kuwa shi ne wani abu da ya faru da mu a hanya, wanda ya sa muka koma muka buɗe littafin Fiziks ɗin da muka daɗe da ajiyewa.

A hutun da ya wuce mun je gida Batsari. Ranar wata Alhamis, kasuwa na ci, muka shiga motar haya za mu koma Katsina. Motar ƙarama ce, kuma ta kwana biyu a duniya. Mu bakwai ne fasinja, ban da buhunan dankali da rogo da aka danna a but har murfin ya ƙi rufuwa, sai da igiya aka ɗaure shi. Mun bar tasha da la'asar sakaliya. Ba mu yi wani nisa ba sai wata jar fitila mai kama da 'yar buta ta kama a gaban direba. Wani dattijo da ke zaune a gaba ya nuna ta da yatsa.

"Direba, wannan jar wutar fa?"

"Baba, rabu da ita. Ta fi mako biyu tana yi mini haka, da na taka mota sai ta ɗauke."

Wannan karon ba ta ɗauke ba. Bayan kamar minti goma muka fara jin ƙara daga gaban mota, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana buga guduma a cikin tukunyar ƙarfe. Mota ta rage ƙarfi, ta yi 'yar girgiza, ta mutu. Direba ya murɗa makulli sau uku, inji ko motsi. Ga rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, ga shi babu gari kusa.

Duk wanda ya fito daga Batsari ko Safana ba sai an yi masa bayanin abin da ake nufi da mota ta mace a hanya dab da magariba ba. Mun taso muna jin sunan dajin Rugu, mun kuma ga shekarar 2021, lokacin da matsalar tsaro ta kai har aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da namu biyun nan. Wata mata mai goyo da ke kusa da mu ta fara salati a hankali. Dattijon nan bai sake cewa uffan ba, carbinsa kawai yake ja. Allah Ya sa muna da sauran kwana a gaba, bayan kusan awa ɗaya wata motar kaya ta tsaya ta kwashe mu. Direba kuwa muka bar shi a nan yana neman wanda zai ja masa mota.

Abin da muka gani a gareji

Direban ɗan unguwarmu ne, don haka da muka sake zuwa gida mu da wani abokin karatunmu, sai muka bi sawun motar har garejin da aka kai ta. Muka tarar an sauke injin an baje shi a kan buhu. Bakaniken, wani dattijo da ya daɗe a sana'ar, ya yafuto mu.

"'Yan boko, ku matso ku ga abin da littafinku ke faɗa."

Ya sa sukudireba ya kwarfo wani baƙin abu daga kaskon da ke ƙasan injin. Ba ya zuba, sai dai ya manne kamar kwalta. Ya ce mana wannan shi ne abin da bakin man motar ya koma. Ya nuna mana rariyar da ke bakin famfon mai, ta toshe da wannan laka. Ya nuna mana wasu siraran ƙarafa masu lanƙwasa da makanikai ke kira metal, sun cinye sun yi baƙi, da kuma karanshaf ɗin da suke riƙewa, duk ya yi zane. Direban ya amsa da bakinsa cewa ya fi wata biyar bai yi juye ba. In ya ga mai ya yi ƙasa, sai ya sayi na kwalba a bakin titi ya yi ciko.

Motar ba tasa ba ce, balas yake kai wa mai ita kullum. Mai motar ya ce ba zai gyara ɓarnar da ganganci ya jawo ba. Direban ya sayar da awakin matarsa biyu, ya ci bashi, duk da haka kuɗin bai kai ba. Har muka baro gida motar na nan a kan duwatsu, shi kuwa yana zaman kashe wando a tasha, ga 'ya'ya uku a makaranta. Kuɗin da ya yi ƙyashin kashewa a kan galan ɗaya na mai da filta bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ake nema a hannunsa yanzu ba. Garin neman gira an rasa ido.

Mene ne aikin bakin mai?

Ku goga tafukan hannuwanku da ƙarfi na ɗan lokaci. Za ku ji zafi. Wannan ita ce gogayya da ake koya mana a Fiziks: duk lokacin da abu biyu suka gogi juna, wani ɓangare na ƙarfin motsin yana komawa zafi, kuma abubuwan suna cin juna. Yanzu ku shafa man gyaɗa ku sake gogawa, za ku ji santsi, zafin ya ragu.

To ku duba abin da ke faruwa a cikin inji. Motar da ke gudu a kan titi injinta na juyawa kamar sau 3,000 a minti ɗaya. Ku raba da 60, za ku samu sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Ku ninka da 60 kuma, za ku ga a tafiyar awa ɗaya karanshaf ya juya sau 180,000. Fistin na hawa da sauka a cikin silinda, a samansa kuma fetur na ƙonewa da zafin da ya haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyos. Ku tuna alminiyon da ake ƙera fistin da shi yana narkewa ne a digiri 660. Abin da ke raba ƙarfe da ƙarfe a cikin wannan hali shi ne shimfiɗar mai wadda ba ta kai kaurin silin gashi ba.

Ayyukan man guda biyar ne. Na farko, yana sa santsi tsakanin ƙarafa don kada su gogi juna kai tsaye. Na biyu, yana ɗauke zafi daga wuraren da ruwan lagireto ba ya kaiwa, kamar ƙasan fistin, ya kai shi kasko ya huce. Na uku, yana wanke inji, ya kwashi toka da burbushin ƙarfe ya kai wa filta ta tace. Na huɗu, yana toshe 'yar kafar da ke tsakanin ringi da bangon silinda don kada ƙarfin fashewar fetur ya sulale. Na biyar, yana hana tsatsa.

Yadda mai ke tsufa

Da yawa daga cikinmu na zaton muddin akwai mai a cikin inji, to shi ke nan. Nan ne kuskuren direbanmu yake. Bakin mai haɗi ne na abu biyu: asalin man da aka tace daga ɗanyen fetur ko aka haɗa a masana'anta, da kuma sinadaran da ake ƙara masa. Akwai mai wanke datti, akwai mai riƙe dattin don kada ya dunƙule, akwai mai kashe asid, akwai mai hana kumfa. Waɗannan sinadarai ƙarewa suke yi da aiki, kamar yadda sabulu ke ƙarewa da wanki.

Shi kansa asalin man yana haɗuwa da iskar oksijin a cikin zafi, ya canza. Masana Kemistiri na da wata ƙa'ida: ƙarin zafi na digiri 10 yakan kusan ninka saurin irin wannan canji sau biyu. Man da ya sha oksijin yana yin kauri, yana yin tsami. Ban da wannan, ɗan fetur da bai ƙone ba, da toka, da tururin ruwa suna sulalewa ta gefen ringi su sauka cikin mai. In aka tara duk waɗannan aka dafa su wata da watanni, sakamakon shi ne wannan baƙar laka da muka gani a bakin sukudireba.

Shi ya sa ciko ba juye ba ne. Wanda ya zuba ruwa mai kyau a cikin randar da ta yi kwantai, bai wanke randa ba, ruwansa ya ɓata. Ciko na cike gurbin man da ya ƙone ko ya yoyo, amma dattin yana nan inda yake.

Wani abin lura kuma, baƙin launi kaɗai ba ya nuna mai ya mutu. Mai mai kyau yakan yi duhu da wuri saboda yana aikinsa na kwasar toka, musamman a injin dizal. Don haka ba a dogara da ido kawai, da lissafin kilomita da na watanni ake aiki.

Ɓarna daki-daki

Inji ba ya bugawa dare ɗaya. Da farko mai ya yi kauri, sai inji ya riƙa wahala wajen juyawa, ya ƙara shan fetur. Direba na ƙorafin mota na shan mai, bai san daga inda abin ya taso ba. Daga nan filta ta cika. Akwai wata 'yar ƙofa da masu ƙera inji suka tanada wadda ke buɗewa in filta ta toshe, don kada mai ya yanke gaba ɗaya, amma fa man da ke bi ta nan ba a tace shi ba. Ke nan inji ya fara shan dattinsa.

Mataki na gaba, ringi ya cinye ko ya manne, mai ya riƙa haurawa yana ƙonewa tare da fetur. A nan za ku ga shuɗin hayaƙi na fita ta salansa, fulogi na yawan mutuwa, mai na raguwa kullum. Sai laka ta toshe rariyar famfo da ƙananan hanyoyin da mai ke bi. Ƙarfin tura mai ya faɗi, jar fitilar nan ta fara ƙiftawa in mota na tsaye a kunne. Wannan shi ne gargaɗin da direbanmu ya yi mako biyu yana gani. Na ƙarshe, shimfiɗar mai ta yanke, metal ya gogi karanshaf, ya yi zafi, ya cinye. Ƙarar da muka ji ita ce ta sandar fistin tana dukan karanshaf saboda metal ɗin da ke tsakaninsu ya tafi. In aka ci gaba da takawa, ƙarafan kan manne da juna, wani lokacin ma sandar ta karye ta fasa jikin inji. Abin da makanikai ke nufi ke nan in sun ce inji ya buga.

Ku riƙe wannan da kyau: jar fitila mai siffar buta ba tunin juye take yi ba. Cewa take yi mai ba ya isa inda ya kamata a wannan lokacin. Abin yi shi ne a nemi wuri a tsaya a kashe inji nan take.

Matsalar lakar inji ba tamu ba ce mu kaɗai. A Amurka an yi wata babbar shari'a da kamfanin Toyota kan wasu motocinsa ƙirar 1997 zuwa 2002, waɗanda masu su suka ce injinansu na tara laka. Kamfanin ya ce rashin juye a kan lokaci ne ke jawo haka, masu motocin suka ce akwai laifin ƙira. A 2007 aka yi sulhu wanda ya shafi motoci sama da miliyan 3. Irin waɗannan motoci da sa'o'insu na wasu kamfanoni su ne ake shigo mana da su bayan sun gama yayinsu a can. Mai tsohuwar mota ya fi mai sabuwa buƙatar kiyaye juye, don bai san irin riƙon da aka yi mata kafin ta zo hannunsa ba.

Me ya sa yankinmu ya fi buƙatar kula?

In kun buɗe littafin da ke zuwa da mota, za ku ga jadawali iri biyu: na aiki a yanayi mai sauƙi, da na aiki a yanayi mai tsanani. Abubuwan da ake lissafawa a matsayin tsanani su ne ƙura, zafi, lodi mai nauyi, gajerun tafiye-tafiye, da barin inji a kunne mota na tsaye. Ku faɗa mana wanne ne babu a Batsari da Safana?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na kwaso mana ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Chadi. Hanyoyin ƙauyukanmu da yawa, daga Wagini da Ruma har Runka da Babban Duhu, in aka sauka daga kwalta yashi ne da jar ƙasa. A cikin yashi akwai ma'adinin kwaz, wanda ya fi ƙarfen inji tauri. In ya samu shiga ta matatar iska da ta yage ya gauraya da mai, sai man ya koma tamkar sanfefa mai ruwa. A watan Afrilu kuma zafin Katsina na haura digiri 40. Ga lodin ranar kasuwa, ga zaman jiran fasinja.

Sai kuma tsadar rayuwa. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 a yawancin jihohi. Darajar Naira ta faɗi, kuma da yake akasarin kayan haɗa bakin mai daga waje ake shigo da su, shi ma ya yi tsada. Fetur dole ne a saya yau, in ba haka ba mota ba za ta tashi ba. Juye kuwa ana iya ɗage shi zuwa mako mai zuwa ba tare da an ga komai ba. Da haka mako ke zama wata, wata ya zama biyar. Mun fahimci halin da direbobi ke ciki, amma inji bai san uzuri ba.

Yaushe ya kamata a yi juye?

Amsar farko tana cikin littafin kowane inji. Amma ga ma'aunin da aka saba: motar da ke amfani da bakin mai na gama-gari a irin yanayinmu, a yi mata juye duk kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Man da ake kira sintetik ya fi juriya kuma ya fi tsada, yana iya kaiwa kilomita 10,000 a wasu motocin. Ƙaramar mota kan sha lita 4 ko kusa da haka, kuma a canza filta tare da mai. Motar hayar da ke yin kilomita 200 a rana za ta cinye kilomita 5,000 a kwana 25, don haka ita lissafin wata shida bai shafe ta ba.

Babur ya fi mota saurin gajiyar da mai. Abin da yake ɗauka kamar lita ɗaya ce kacal, iska ce ke sanyaya shi, kuma wannan man shi ke yi wa inji da giya da kuloci hidima a lokaci guda. Saboda haka a nemi man da aka yi domin babur, wanda za ku ga an rubuta 4T a jikin robarsa. Ɗan acaɓar da ke yin kilomita 100 a rana, in littafin babur ɗinsa ya ce kilomita 2,000, to kwana 20 ke nan.

Injin ban ruwa da janareta su da awa ake yi musu lissafi. Ƙaramin injin Honda GX160, wanda ake ɗora wa famfunan ban ruwa da yawa, man da yake ɗauka bai wuce lita 0.6 ba. Kamfanin ya ce a yi masa juyen farko bayan awa 20, daga nan duk awa 100. Manomin rani da ke kunna shi awa 8 a rana zai cika awa 100 kafin mako biyu. In injin ya buga lokacin da tumatir ko albasa ke tsakiyar buƙatar ruwa, asarar ta wuce ta inji.

Lambobin da ke jikin galan kuma, irin su 20W-50 ko 5W-30, ma'aunin kauri ne da ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta tsara. Lambar farko mai harafin W na nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, ta biyun na nuna kaurinsa in inji ya ɗau zafi. Mai kauri ba shi ne mai kyau ba a kowane inji. Sababbin motoci da yawa hanyoyin mansu matsattsu ne, mai sirara suke so. A bi abin da aka rubuta a littafi ko a kan murfin da ake zuba mai.

Yadda ake duba mai

Wannan aiki ne da kowannenku zai iya, mace ko namiji, da izinin mai abin hawa. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a kashe ta, a jira minti biyar zuwa goma mai ya koma kasko. A zaro geji, wato siririn ƙarfen nan mai zobe a kai, a goge shi da tsumma mai tsabta, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa. Akwai alamu biyu a bakinsa, man ya kasance tsakaninsu. Kada a cika ya wuce alamar sama, don shi ma yana da illa, yakan yi kumfa ya ɓata roba mai hana yoyo.

Ku murza ɗigo ɗaya tsakanin yatsu. In kun ji tsakuwa-tsakuwa, ko warin ƙuna, ko warin fetur, a je wurin bakanike. In man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ne ya shiga, yawanci gasket ne ya ƙone. A kiyaye zafin inji, kada kuma a kusanci fanka ko bel inji na aiki.

Jabun mai da tsohon mai

Araha ba ta ado. Man da ake sayarwa a kwalaben lemo a bakin titi babu wanda ya san asalinsa. Wani tsohon mai ne aka tace da ƙyalle, wani kuma asalin mai ne tsura wanda ba a ƙara masa sinadarin komai ba. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON, ta sha kama irin wannan jabu a kasuwanni. A sayi mai a gidan mai ko shagon da aka sani, a duba hatimin murfi bai karye ba, kuma a tsaya a ga an buɗe an zuba a gaban ido.

Tsohon man da aka juye kuma guba ne. Yana ɗauke da burbushin ƙarafa da sinadaran da ke iya jawo cutar daji in fata ta daɗe tana cuɗanya da su. Kada a shafa shi a ƙurji ko a gyambon dabba kamar yadda wasu ke yi, kada a hura wutar girki da shi, kada a zuba a kwata ko kusa da rijiya. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man juyen mota ɗaya zai iya gurɓata ruwa galan miliyan ɗaya. A yankin da rijiya da fadama su ne rayuwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. A tara shi a jarka mai murfi a mayar wa masu gareji.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce, mu da ko keke ba mu da shi, me ya haɗa mu da bakin mai? Mu ne fasinjan da ke cikin motar. Babur ɗin da ke kai mara lafiya daga ƙauye zuwa asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma da tsakar dare, na yayanmu ne ko na kawunmu. Injin niƙan da ake biya mana kuɗin jarrabawa da shi, na gidanmu ne. Kuma mu ne aka sa makaranta, mu muka iya karanta littafin da ke zuwa da inji, wanda yawanci yana can ƙasan akwati ko leda ba a cire masa ba.

Ga abin da za ku iya yi daga yau. Ku ware shafi ɗaya a bayan wani tsohon littafin rubutu. Ku ja layi huɗu: kwanan wata, lambar kilomita ko awa, irin man da aka zuba, da ranar juye na gaba. In agogon kilomita ya lalace, kamar yadda yake a babura da yawa, ku ƙiyasta tafiyar rana ɗaya ku mayar da lissafin zuwa kwanaki. Ku ba mai abin hawa shawarar ware ɗan wani abu daga cinikin kowace rana a asusu, ta yadda ranar juye ba za ta zo masa da nauyi ba. In za ku yi magana kuma ku yi ta da ladabi. "Baba, na duba littafi, saura kwana uku lokacin juye ya yi" ta fi "Baba, ba ka san inji ba" shiga kunne.

Aikin gida na wannan mako shi ne: ku je shagon kayan gyara mafi kusa ku tambayi kuɗin galan ɗin bakin mai mai lita 4 da filta ɗaya. Sannan ku tambayi bakanike kuɗin injin Beljiyam na ƙaramar mota haɗe da kuɗin aiki. Ku raba na biyun da na farkon, ku ga juye nawa ne ke cikin inji ɗaya. Ku aiko mana da amsarku tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga waɗanda suka fi tsari a fitowa ta gaba.

Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya ba yankinmu zaman lafiya, Ya ba mu sa'ar karatu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.